Asusun Lamunin Karatu na Najeriya

Asusun Lamunin Karatu na Najeriya, wanda aka fi sani da NELFUND, hukuma ce ta gwamnatin tarayya da ke bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati bashi marar ruwa domin biyan kuɗin makaranta. Hedikwatarsa tana Abuja.

Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar farko ta lamunin karatu ranar 12 ga Yuni, 2023. Dokar ta keɓe lamunin ga ɗalibin da kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa. Sabuwar dokar 3 ga Afrilu, 2024 ta soke waɗannan sharuɗɗa. An buɗe shafin neman lamunin a intanet ranar 24 ga Mayu, 2024.

Mai nema yana gabatar da lambobinsa na JAMB, NIN da BVN. Asusun yana tura kuɗin rajista kai tsaye ga makarantar, yana kuma bai wa ɗalibin da ya nema naira 20,000 a wata domin ɗawainiya. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

Baya ga wannan lamuni, a Jihar Kano ɗalibai sun samu tallafin jiha. A watan Agusta, 2023, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta amince da naira miliyan 700 domin biya wa 'yan jihar 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero.