Daga Homa Zuwa Gonar Shinkafa

Mu mutanen Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, fadamar Rima ce rumbunmu. A da, idan ambaliya ta janye, takan bar tarwaɗa da ƙarfasa cikin tafkuna. Sarkin Ruwa ke hana kamun kifi har ya girma, sannan Kabawa su shiga da homa da gora. Wannan al'ada ce ta haifi bikin Argungu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin.

Madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliya, kifin fadama ya ja baya. Noman rani ya bunƙasa, taki da maganin feshi suka riƙa gangarawa gulbi.

Shi ya sa raina ya yi fari da gwajin hukumar FAO da Jami'ar Ibadan a Kebbi: kiwon kifi cikin gonar shinkafa. Kifi na cin ƙwari, kashinsa na zama taki, feshi na raguwa, manomi ya girbe amfani biyu. Ina roƙon matasanmu su rungumi wannan sana'a, domin gadonsu ce.