Tarihin Maki da Rabon Gurabe a Sakandaren Gana, da Abin da Ya Shafi 'Ya'yan Zango

A unguwannin Nima da Maamobi da Alajo na birnin Accra, wanda Hausawa ke kira Ankara, kalmar "makaranta" ta fi nufin wurin koyon Alƙur'ani da Larabci. Tun da Malam Amadu Futa ya kafa Nima a farkon shekarun 1930, yaron Zango yakan tashi da karatu iri biyu, na malam da na boko. Amma ɗaya ne kaɗai daga cikinsu hukuma ta daɗe tana aunawa da maki, kuma wannan makin ne ke yanke makarantar da yaro zai shiga da fannin da zai karanta. Tarihin jarrabawa a Gana tarihi ne na wane ilimi ake ƙirgawa, da kuma wanda ke riƙe da ma'aunin.

A zamanin mulkin mallaka, mafi yawan manyan sakandare na mishan ne ko na gwamnati, irin su Mfantsipim da aka kafa a Cape Coast a 1876, da Achimota da aka buɗe a 1927. Iyaye Musulmi da yawa sun ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan don tsoron kada a sauya musu addini, abin da ya sa 'ya'yan Zango suka makara wajen shiga layi. A 1952 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, da hedikwatarta a Accra, ta karɓi aikin da a da jami'o'in Ingila ke yi.

Tsarin wancan lokaci dogo ne: shekara 6 a firamare, 4 a midil, 5 a sakandare, sannan 2 a aji na shida mai shirya ɗalibi zuwa jami'a, jimla 17. Ƙofar sakandare ita ce jarrabawar shiga ta bai-ɗaya. 'Ya'yan masu hali da ke makarantun kuɗi sukan ci ta tun daga ƙarshen firamare, yayin da ɗan talaka ke shafe shekaru a midil yana gwadawa, sau da yawa ya ƙare da takardar kammala midil kawai. A ƙarshen shekara ta biyar ta sakandare ana ba da daraja daga 1 zuwa 9: daga 1 zuwa 6 cin kirki ne, 7 da 8 tsira da ƙyar, 9 kuwa faɗuwa.

Babban sauyi ya zo a 1987, zamanin Jerry John Rawlings, bisa shawarwarin da kwamitin Dzobo ya bayar tun shekarun 1970. Aka soke midil, aka rage karatu zuwa shekara 12: firamare 6, ƙaramar sakandare 3, babbar sakandare 3. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wadda aka sani da BECE, aka fara zana ta a 1990, ta maye gurbin jarrabawar shiga. A shekarar 1987 ɗin ce kuma aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa. Makarantun Islamiyya da suka yarda suka haɗa darussan boko da na Larabci suka samu malaman gwamnati, ɗalibansu suka samu hanyar zana BECE ba tare da barin karatun addini ba.

Yadda ake lissafin makin BECE yana buƙatar bayani. Kashi 70 cikin 100 daga jarrabawar WAEC yake fitowa, kashi 30 kuma daga ayyukan aji da malaman makaranta suka auna. Kowane darasi ana ba shi daraja daga 1 zuwa 9, amma an daɗe ana ba da darajar ne gwargwadon matsayin ɗalibi a tsakanin sauran waɗanda suka zana jarrabawar a wannan shekara. Saboda haka 'yan kaɗan ne ke iya samun 1, kome ƙwazon saura. Daga nan sai a tara darajojin darussa shida: Turanci, lissafi, kimiyya, nazarin zamantakewa, da wasu biyu da ɗalibi ya fi ƙoƙari a cikinsu. Mafi ƙanƙantar jimla ita ce mafi kyau, mai 6 shi ne zakara.

Har zuwa 2004, shugabannin makarantu ne ke taruwa su zaɓi ɗalibai da hannu daga katunan da aka cike. Ƙorafi ya yi yawa cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A 2005 gwamnati ta miƙa aikin ga kwamfuta. Ɗalibi yana zaɓar makarantu da fannoni, na'ura kuma ta jera masu nema bisa makinsu har gurabe su cika. Fannonin sun haɗa da kimiyya, adabi da zamantakewa, kasuwanci, tattalin gida, zane-zane, aikin gona da fasahar hannu. Wanda aka sa a fanni, da wuya ya sauya, kuma fannin ne ke buɗe ko rufe ƙofar likitanci ko injiniyanci a jami'a. Ke nan lambar da yaro ya samu yana ɗan kimanin shekara 15 tana bin sa har girma.

A ƙarshen babbar sakandare, tun 2006 ɗaliban Gana ke zana WASSCE, jarrabawar da takwarorinsu na Kano da Sakkwato ke zanawa. Darajojinta su ne A1, B2, B3, C4, C5, C6, D7, E8 da F9, kuma jami'o'i kan nemi aƙalla C6 a darussa shida. A 2007 gwamnatin John Kufuor ta ƙara karatun zuwa shekara huɗu, gwamnatin John Atta Mills ta mayar da shi uku. A watan Satumba na 2017 Nana Akufo-Addo ya soma shirin babbar sakandare kyauta. Ɗalibai suka ƙaru har azuzuwa suka kasa, sai a 2018 aka raba su rukuni biyu masu karɓa-karɓa. An kuma keɓe kashi 30 cikin 100 na guraben makarantun sahun farko ga waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati, matakin da ya shafi yaran Nima da Maamobi kai tsaye, domin da yawansu a irin waɗannan makarantu suke karatu.

Duk da haka, na'ura abin da aka ba ta kawai take lissafawa. Gana ta amince da wasu harsunan gida a makarantu da jarrabawa, cikinsu da Twi da Ga da Ewe da Dagbani, amma babu Hausa. Yaron Alajo da ya tashi da Hausa yakan zana jarrabawa da Ga ko Twi, alhali takwaransa na Katsina yana cin maki da harshen uwarsa. Larabci kuwa, wanda yaran Zango ke shafe shekaru suna koya, sai a 2024 ya shiga jerin darussan BECE. Tunda biyu daga darussa shidan da ake tarawa na zaɓi ne, daraja mai kyau a Larabci tana iya rage jimlar ɗalibi, ta kai shi makarantar da a da ba zai samu ba. Harshen Hausa, wanda ake ciniki da wa'azi da shi a kowane Zango daga Accra zuwa Kumasi, har yanzu yana jiran irin wannan gurbi.