'Yan Daudu Tsakanin Kotu da Asibiti

Tun kafin maganar masu sauya jinsi ta cika kafofin labarai, ƙasar Hausa ta san 'yan daudu: maza masu karya harshe da rangwaɗa, waɗanda suka riƙe sana'o'in da aka fi sani da mata. Sun bambanta da abin da Turawa ke nufi da sauya jinsi, domin da yawansu maza suke ɗaukar kansu, suna aure, suna haihuwa. Duk da haka a kansu dokokin tufafi da kamanni suke sauka, kuma tarihinsu ne ya fi nuna yadda batun haƙƙi da na lafiya suka cuɗanya a Arewa.

Masana na danganta sunan da Daudu, kirarin Galadima, da kuma Ɗan Galadima na bori. A ƙarni na 20 suna tashoshin mota da kasuwanni suna sayar da tuwo da soyayyun kaji, suna girkin biki, wasu kuma suna kawalci a gidajen mata masu zaman kansu. Jama'a na yi musu dariya, malamai na yi musu wa'azi, amma ana cin abincinsu. Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano, ya bayyana wannan zama a littafinsa na 2009: ana ƙyamar su, ana kuma kawar da kai.

Fiƙihu ma bai yi shiru ba. Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya raba mukhannas gida biyu: wanda aka halitta da ɗabi'ar mata, wanda ba a zarginsa a kan halittarsa, da wanda ya ɗora wa kansa ita da gangan, wanda shi tsinuwa ta hau. Muhtasar na Halilu, da almajiran ilimi ke karantawa a zaurukan Gusau da Sakkwato, da hukuncin gadon mata-maza ya rufe. Ke nan malamai sun daɗe da sanin cewa waɗannan rukunoni uku ne, kowanne da hukuncinsa.

Dokar zamani ba ta yi wannan rarrabewa ba. Sashe na 405 na kundin laifuffukan Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. A ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kundin hukuncinta ya fara aiki a Janairun 2000, daga bisani jihohin da suka bi wannan hanya suka kai 12. An rufe gidajen mata masu zaman kansu, 'yan daudun da abincinsu ya dogara da wuraren suka watse. A Agustan 2007 an kama maza 18 a Bauchi. Tuhumar luwaɗi aka fara yi musu, sannan aka mayar da ita ta shigar mata. A Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mara mata baya. A 2022 ɗan majalisa Muda Lawal Umar na Bauchi ya kawo ƙudurin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000 ga mai shigar da ba ta jinsinsa ba, amma bai zama doka ba.

Da yake doka ta toshe ƙofar ƙungiya, fafutukar ta koma ƙofar asibiti, inda alƙaluma ke magana. Binciken gwamnatin tarayya ya nuna cutar ƙanjamau tsakanin maza masu neman maza ta tashi daga kashi 13.5 cikin 100 a 2007 zuwa 17.2 a 2010, sannan 22.9 a 2014. Wani bincike da aka yi a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, ya gano masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 bayan dokar. Masu fafutukar, irin su ƙungiyar TIERs ta Legas, sun dogara ne da dokokin ƙasar kanta: sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 da ya kare mutuncin ɗan Adam, da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da ta hana a ƙi ba kowa agajin gaggawa, ta kuma wajabta rufe sirrin majiyyaci.

Zamfara ta san wannan darasi ta wata fuskar. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a Dareta da Abare da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Wasu iyaye sun ɓoye mace-macen don tsoron kada a hana haƙar da suke ci da ita. Likitocin MSF sun yi ta bayyana cewa haramci kaɗai ƙara tura aikin cikin ɗaka yake yi, kusa da yara; abin da ya ceci rayuka shi ne kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ba da magani, da samun amincewar mutanen gari. Ciwon da mai shi ke tsoron faɗa, a ɓoye yake yaɗuwa. Ɗan daudun da ya ƙi gwaji don gudun tonon asiri yana iya zama mai mata da 'ya'ya, cutar kuwa ba ta tsayawa a kansa.

Sauran ƙasashen Musulmi ma ba su tsaya a matsaya ɗaya ba. Iran ta halatta tiyatar sauya jinsi bisa fatawar Ayatullahi Khumaini. Pakistan ta yi dokar kare su a 2018, sai Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke manyan sassanta a Mayun 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta cire lamarin daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a 2019.

A Arewa rinjayen ra'ayi a bayyane yake, kuma dokokin suna nan daram. Tambayar da ta rage a hannun likita da lauya da alƙali ita ce wadda fiƙihu da dokar 2014 suka riga suka buɗe: a tabbatar da laifi da hujja kafin hukunci, a bambanta halitta da aiki, kuma marar lafiya ya shiga asibiti ya fita da sirrinsa.