Zaman Ɗalibai da Ya Sauya Zane a Najeriya

Yau Zariya muka nufa.

A 1958, can bayan ganuwar birni, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗaliban zane suka kafa ƙungiya: su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Salon Ingila ake koya musu. Su kuwa suka ce a ɗauki dabarar Bature, amma a zana namu.

Ƙungiyar ta watse a 1961, maganar kuwa ta ɗore. Grillo ya zama shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta ƙasa, Okeke ya shigar da zanen uli na Ibo cikin karatun Jami'ar Nsukka.

To yau, ina namu masu zanen suke zama su yanke shawara?