Kayan Bola a Sabon Ibadan: Abin da Ake Karɓa da Abin da Ke Lalata Shi

Unguwar Sabo da ke Mokola, a ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, an kafa ta a 1916 domin zaman Hausawa fatake. Da shanu da goro aka san ta, yau kuma ga canjin kuɗi da sana'ar gwangwan. Kusan duk roba ko ƙarfen da ya bar gidajenmu ya koma masana'anta, ta hannun 'yan bola yake bi. Matsalar ita ce kowane gida da irin fahimtarsa kan abin da ake saye, shi ya sa kaya masu kuɗi ke ƙarewa a kwata. Ga bayanin a taƙaice.

Kayan da ake karɓa

Robar ruwa da ta lemo: a gindinta akwai lamba 1 cikin alamar kusurwa uku. Ana markaɗe ta a yi zare ko sabuwar roba. A zubar da ragowar ruwan, a take ta da ƙafa don kada ta cika buhu.

Roba mai kauri: jarka da robar sabulun ruwa, masu lamba 2, sai bokiti, baho da kujerar roba, waɗanda yawancinsu lamba 5 ne. Ko sun fashe ana saye.

Ledar fiya wata: ba ta da nauyi, sai an tara da yawa, kuma a bushe ake son ta. A nan Ibadan, Adejoke Lasisi ta kafa Planet 3R, inda ake saƙa irin wannan leda a yi jaka da takalma.

Gwangwani: iri biyu ne. Na lemo da maltina alminiyon ne, ya fi tsada. Na madara da tumatir ƙarfe ne. In kana shakka, kanga mayen ƙarfe: wanda ya kama ƙarfe ne, wanda bai kama ba alminiyon ne.

Jan ƙarfe da tagulla: su suka fi komai daraja a sikeli. A fere wayar da wuƙa, kada a ƙona ta, hayaƙin guba ne.

Kwali da takarda: busassu, waɗanda mai bai taɓa ba.

Tsohuwar taya: kamfanin Freee Recycle na Ibadan yana niƙa ta ya yi bulon daɓe.

Abin da ba ya shiga buhu

Famfas ɗin yara, ragowar abinci, sirinji da allura, fasasshen tangaran, da farar robar tekawe mai kama da soso, wadda jihar Legas ta haramta a Janairun 2024. Haka bututun famfo mai lamba 3: guntunsa kaɗan in ya shiga cikin robar lemo a wurin narkarwa, ya ɓata tulin gaba ɗaya.

Batirin mota da na sola a kai su wurin masu sayensu yadda suke. Kada a fasa su a tsakar gida. Akwai dalma a ciki, kuma mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Me ake nufi da gurɓata?

Shi ne ƙazanta ko wani baƙon abu ya shiga cikin kayan da ake son sarrafawa. Robar da aka zuba manja ko kananzir, kwalin da ya sha ruwan sama, ledar da miya ta ɓata. Dila zai karya farashi ko ya ce ba ya so, asarar kuwa kan yaron da ya wuni yana tura kura take faɗawa. To ka ga, minti biyu na ɗauraye roba a gida kuɗi ne a aljihun wani. Masu jiƙa kwali ko cusa yashi a gwangwani don ya yi nauyi, wannan algus ne, kuma shi ke sa diloli su daina yarda da kayan unguwa baki ɗaya.

Dalilin da ya shafe mu

Na farko ambaliya. Kogin Ogunpa ta gefen Mokola yake wucewa. Ya yi mummunar ɓarna ranar 31 ga Agustan 1980, sannan ambaliyar 26 ga Agustan 2011 ta ci rayuka sama da 100 a Ibadan. Toshewar magudanai da shara na cikin dalilan da ake ambata.

Na biyu, sharar gari a jujin Awotan, Lapite, Ajakanga da Aba-Eku take ƙarewa. Robar da ta kai can ta riga ta cakuɗu da ruɓaɓɓen abinci, mai tsintarta kuma yana cikin haɗarin yanka da cuta.

Na uku mutunci. A Janairun 2025 hukumar Abuja ta hana 'yan bola yawo cikin birni saboda satar murfin kwalbati da wayoyin lantarki. Ɗan gwangwan ɗaya ya sayi kayan sata, sunan Hausawan gari duka ne ke ɓaci. Murfin kwata, wayar turansufoma da ƙarfen gada ba kayan bola ba ne.

Yadda saƙon zai isa gidaje

Abin da ya fi sauƙi shi ne diloli da shugabannin unguwa su zauna su amince da jeri guda, a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, da Yarbanci, a sa hotuna don wanda bai iya karatu ba. A liƙa a ƙofar masallatai da wuraren sikeli, a tura ta WhatsApp da murya. Limamai su ambata bayan salla, malamai su faɗa a Islamiyyar matan aure, don iyayenmu mata su ke riƙe da sharar gida.

A gida kuwa buhu uku sun isa: na roba, na gwangwani da ƙarfe, na kwali. A rataye su inda ruwa ba ya taɓawa. Sauran shara a ba motar kwasa, kada a jira ruwan sama ya tafi da ita. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.