Yadda Aka Fara Bin Sawun Ciwon Sanƙarau

Jama'ar Jibiya da kewaye, ku kasa kunne. Wani lokaci za ku tarar da saurayi ko budurwa zaune kusa da malamin asibiti, da takarda a hannu, ana tambayarku sunan garinku da ranar da ciwo ya soma. Ɗaliban likita ne masu fara bincike. Kada ku ɗauka aikin banza ne. Ga dalili.

Tun zamanin kakanninmu sanƙarau yake ɓarna a ƙasar Hausa. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya tattara lissafin asibitocin ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da Nijar da Nijeriya ta Arewa. Ya nuna cewa ciwon yana da yankinsa da lokacinsa: yakan tashi da rani, ya tsananta da bazara, ruwa na sauka sai ya lafa. Lissafin nan kuwa ai daga irin littafin da ake rubuta sunanku ciki ya fito. Jibiya da Maraɗi duk suna cikin yankin, ciwon kuma ba ya tsayawa gaban kwastan. Shi ya sa ake tambayarku ko kun ƙetare iyaka kwanan nan.

A shekarun 1970 Likita Greenwood da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka ci gaba da binciken. Duk da haka a 1996 annoba ta kashe mutum fiye da dubu goma sha ɗaya a Nijeriya. Sabuwar allurar rigakafi ta shiga Nijar a 2010, Nijeriya kuma a 2011. Sanƙarau iri-iri ne, allurar nan iri guda ta kare, don haka bincike bai ƙare ba.

Amma akwai abin da ba za mu ɓoye muku ba. A cikin annobar 1996 aka gwada wani sabon magani kan yara ɗari biyu a Kano, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, magana ta kai kotu. To, ɗalibi na gari ba ya fara aiki sai hukuma ta ba shi izini, ya gaida hakimi da dagaci, ya yi muku bayani da Hausa. In kun yarda, ku faɗi gaskiya. In ba ku yarda ba, ku ce a'a, ba wanda zai hana ku magani.