FASHIN BAƘI: Idan gari ya faɗaɗa aka gina sabuwar firamare, a hannun wa ragamarta take?

A gefen kusan kowane babban birni na Arewa akwai unguwannin da ba da jimawa ba gonaki ne. Sassan Ungogo da Kumbotso da ke kewaye da birnin Kano, da Rigasa a Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, da Mararaba da Masaka a kan hanyar Abuja zuwa Keffi, duk sun cika da gidaje kafin hukuma ta ankara. Inda aka yanka filaye da awon igiya kuwa, da wuya a tarar an ware wa makaranta wuri. Yara kan yi doguwar tafiya zuwa tsohuwar firamaren da ta riga ta cika maƙil, har zuwa ranar da ɗan majalisa, ko ƙungiyar ci gaban unguwa, ko gwamnatin jiha za ta tayar da ajujuwa shida a shafa musu fenti.

Daga ranar ake shiga wata sabuwar matsala. Wa zai turo malamai, wa zai biya su albashi, wa zai naɗa hedimasta, kuma wa za a kai wa kuka idan iskar damina ta yaye rufi? A Najeriya, wanda ya gina makaranta ba lallai ne ya zama mai tafiyar da ita ba, kuma babu ofis ɗaya tilo da doka ta ɗora wa nauyin duka.

Abin da doka ta tanada

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya taɓo firamare a wurare uku. Sashe na 18 ya ce gwamnati za ta samar da ilimin firamare kyauta kuma dole, amma ya jingina hakan da lokacin da hali ya yi. Jadawali na Biyu ya bai wa majalisun jihohi ikon yin doka a kan makarantun firamare. Jadawali na Huɗu kuma, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ce daga cikin aikinsu akwai shiga a dama da su a gwamnatin jiha wajen samarwa da kula da ilimin firamare. Wannan lafazi na "shiga a dama da su" shi ne tushen jayayyar. A shekarar 2002 Kotun Ƙoli ta fassara shi da cewa nauyin na jiha ne, ƙaramar hukuma mai taimakawa ce kawai, kuma har yau wannan hukunci ne Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ke kafa hujja da shi.

Sai Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta biyo bayan shirin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999. Ta wajabta karatun shekara tara kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta kuma shimfiɗa hawa uku: hukumar UBEC a tarayya, hukumar SUBEB a kowace jiha, da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, wato LGEA, wanda Sakataren Ilimi ke jagoranta. Dokar ta fito fili ta ce rawar da tarayya ke takawa tallafi ce, ta kuma bar wa majalisar kowace jiha tsara yadda SUBEB da LGEA ɗinta za su kasance. Shi ya sa abin da ake yi a Kano ba lallai ya zo daidai da na Nasarawa ba.

Mai gini daban, mai biyan albashi daban

Tarayya na ware wa UBEC aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta. Kafin jiha ta taɓa kasonta na tallafin gine-gine, sai ta ajiye nata kuɗin daidai da wanda za a ba ta, ta kuma miƙa jadawalin ayyukan da za ta yi. A cikin wannan jadawali ne ake yanke wace unguwa za ta samu sababbin ajujuwa, kuma a ofishin SUBEB ake rubuta shi, wanda gwamna ne ke naɗa shugabansa. UBEC ta sha kokawa cewa biliyoyin naira na kwance a asusunta saboda wasu jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Abin lura shi ne, wannan kuɗi na gini ne da kujeru da makamantansu. Ba a biyan albashi da shi.

Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa. A akasarin jihohi, ana cire shi tun a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda Sashe na 162 ya kafa, sannan SUBEB ta biya. Ke nan aljihun ƙaramar hukuma ake zarar kuɗin, amma jiha ce ke da ta-cewa a ɗaukar malamai da sallamarsu. Jihar Kaduna ta nuna hakan ƙarara a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar gwaji ta 'yan aji huɗu, ta kuma sallame su duk da yajin aikin NUT. Ba shugabannin ƙananan hukumomi ne suka yanke wannan shawara ba.

Ga sabuwar makaranta, ma'anar wannan ita ce ginin ba ya zuwa da malamansa. Ɗan majalisar tarayya na iya cusa ajujuwa a kasafin kuɗi a matsayin aikin mazaɓa, a ba da kwangila daga Abuja, a yanke ƙyalle a ɗauki hoto, alhali babu wanda ya zauna da Sakataren Ilimi a kan inda malamai za su fito. Abin da kan biyo baya shi ne a tsakuro malami biyu ko uku daga makarantar da ke maƙwabtaka, wadda ita ma ba ta da isassu, ko kuma a cike gurbi da masu sa-kai da iyaye ke haɗa musu ɗan ihisani. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa aji a irin waɗannan unguwanni ya san nisan da ke tsakanin takarda da zahiri.

Haka abin yake idan al'umma ce ta gina da kuɗinta. Sai hukumar ilimi ta amince ta karɓe ta, ta sa ta a jerin makarantun gwamnati, ta turo hedimasta, kafin ta zama ta gwamnati. Idan ba a karɓa ba, sai dai ta nemi rajista a matsayin makarantar al'umma ko mai zaman kanta, iyaye su ci gaba da biya. A wasu ƙasashen tun kafin a haƙa tushe ake warware wannan. A Ingila, alal misali, dokar ilimi ta 2011 ta ce idan ƙaramar hukuma ta ga buƙatar sabuwar makaranta, ta yi shela ƙungiyoyin da ke tafiyar da makarantu su nema, sannan ministan ilimi ya yanke wanda za a damƙa wa. Tsarin yana da masu sukarsa a can, amma dai akan san mai makarantar kafin yaro na farko ya shiga.

An taɓa gwada miƙa wa ƙananan hukumomi

Wannan ja-in-ja ba sabo ba ne. A Arewa, hukumomin En'e ne suka riƙe yawancin makarantun elemantare a zamanin Turawa. Shirin UPE na 1976 ya tara yara fiye da yadda aka yi hasashe, kuɗi suka gaza. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar firamare ta ƙasa, a 1991 ta rushe ta ta miƙa makarantun kacokan ga ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa shafe watanni babu albashi, a 1993 aka dawo da hukumar. Tsofaffin malamai ba su manta da wannan tsakani ba.

Shi ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya faranta wa masu fafutukar 'yancin ƙananan hukumomi rai amma ya tayar da hankalin NUT. Ƙungiyar na so a cire albashin malamai tun daga sama a bi da shi ta SUBEB, kada a bar shi a hannun ciyamomi. Fargabar tana da dalili. A Babban Birnin Tarayya, inda ƙananan hukumomi shida ke da alhakin biyan malaman firamare, makarantun gwamnati sun kasance a rufe daga Maris zuwa Yuli 2025 saboda rikicin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, har sai da Minista Nyesom Wike ya shiga tsakani. A ɗaya ɓangaren kuma, masu sukar asusun haɗin gwiwa na da gaskiyarsu: shugaban ƙaramar hukumar da ke ganin unguwa na tsirowa a gabansa ba shi da ikon ɗaukar malami ko ɗaya sai jiha ta yarda.

Ina muryar mutanen unguwa?

Kowace makarantar gwamnati ya kamata ta samu kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC. Ya ƙunshi hedimasta, da wakilin malamai, da mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da wakilan iyaye, da mata, da tsofaffin ɗalibai, har da ɗalibai. Kwamitin na iya bin diddigin zuwan malamai aiki, ya tsara buƙatun makaranta, ya nemi tallafin ƙananan gyare-gyare. Amma ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa, ba ya zaɓen hedimasta. A wurare da dama ma sunaye ne kawai a takarda, waɗanda hedimasta ya tattara ranar da aka ce masu duba makarantu na tafe. A sabuwar unguwa, inda mazauna baƙin juna ne da suka taso daga wurare daban-daban, kujerun kwamitin kan faɗa hannun duk wanda ya fara zuwa.

Ga matasan da ke son bin sawun sabuwar firamare a yankinsu, takardu uku ne ke bayyana mai ita. Na farko, takardar filin, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kuma makarantar da ba ta da shaidar fili da katanga ita ake fara yanka wa shaguna. Na biyu, jadawalin ayyukan SUBEB na shekarar, wanda kwafinsa ke wurin UBEC, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai tambaya. Na uku, jerin sunayen malaman da aka tura makarantar a ofishin Sakataren Ilimi, tare da bayanin ko sababbin ɗauka ne ko kuwa daga wata makarantar aka ɗebo su.